Haƙori Ɗaya, Buhun Albasa Nawa?

Wanda ya bar Gombe ya nufi gabas ta hanyar Dadin Kowa da Biu, kafin ya yi nisa zai iso Kwadon, kuma a lokacin kaka hancinsa kan riga idonsa sanin ya iso. Gari ne na albasa da kayan miya a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kuma wani kaso na abin da ake zubawa a tukunyar miya a Gombe daga lambunansa yake fitowa. Manomin Kwadon ba a koya masa lissafi. Ya san kuɗin iri da na taki, ya san man da injin ban-ruwa ke sha a yini, ya san ladan 'yan ƙwadago da kuɗin mota zuwa kasuwa. Ya kuma san idan albasa ɗaya ta fara laushi a cikin ajiya, yau ake tsince ta, ba a kai gobe.

Wannan mutumin dai, da ba ya barin albasa ɗaya ta kwana da ruɓa, shi ne zai bar haƙori ya shekara biyu yana ruɓewa a bakinsa. Mai gaggawa zai ce sakaci ne ko jahilci. Ni ban ga haka ba. Lissafin ne ba ya fitowa fili, domin kuɗin haƙori ba ya zuwa da sunansa. Yana zuwa ne a rarrabe: wani a kemis, wani a gadon asibiti, wani a kwanakin da ba a je lambu ba, wani a abincin da baki ya daina iya taunawa. Da za a tara su a takarda ɗaya, da an ga cewa haƙorin da aka ce ba a da kuɗin gyara shi an biya kuɗinsa har da riba.

Daga ɗan baƙin tabo zuwa daren da ba barci

Har yau akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna turara hayaƙi a bakin mutane, su nuna musu 'yan tsutsotsi a ƙasan kwano, su ce ga abin da ke cin haƙorin nan ya fito. Babu wata tsutsa a haƙori. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙin bayani. Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune a bakin kowa. Idan suka samu sukari, sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Yawu yana ƙoƙarin wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma yana bukatar hutu tsakanin ci da ci. Shi ya sa yawan lokutan da sukari ke shiga baki yake da matuƙar tasiri. Shayi da safe, alewa da hantsi, lemon kwalba da rana, rake da yamma, wani shayin a majalisa bayan isha: bakin bai huta ba ko sau ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce wajen cokali 12 na shan shayi na sukari a yini, in ya tsaya a shida ma ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye wannan kason.

Ɓawon haƙori ba shi da jijiya, don haka farkon ɓarnar shiru ne. Sai kogon ya ratsa ciki ake fara jin tsami idan an sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi. A wannan gaɓar aikin ɗan kaɗan ne: a share kogon, a yi ciko, mutum ya koma gida da haƙorinsa a zama ɗaya. Amma wa ke barin ban-ruwa ya shiga mota zuwa Gombe saboda haƙori ya ɗan yi tsami?

Sai a bi hanyar da ta fi kusa. A tura kanumfari a kogon, wanda shi kam yana da man da ke kashe zafi na ɗan lokaci. A dandaƙa ƙwayar asfirin a ɗora, ta ƙone dasashi. Akwai masu ɗiga fetur, akwai masu ɗiga ruwan batir. Daga nan sai kemis: "Malam, a haɗa mini na haƙori." A ƙulla masa diklofenak ko ibufurofen, a haɗa da Ampiclox ko Flagyl ko kafso ja-da-yalo, na kwana biyu, gwargwadon abin da ke aljihunsa. Ciwon ya lafa. Bayan wata ɗaya ya dawo, a koma kemis. Kowace ƙulla ba ta da tsada, shi ya sa ba a ƙirga ta. Amma wanda ya shekara yana haɗiyar waɗannan magungunan kashe zafi, sau da yawa cikinsa wayam, yana sayen gyambon ciki ne da kuɗinsa, kuma yana wahalar da ƙodarsa, balle in dama yana da hawan jini ko ciwon sukari. Ga kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta rabi-rabi, wanda ke koya wa ƙwayoyin jure maganin, ta yadda ranar da ake bukatarsa da gaske sai ya ƙi aiki, a koma neman mai tsada.

Akwai wani mataki mai yaudara. Wata rana ciwon kan ɗauke ɗif, mutum ya yi hamdala ya ce ya warke. Jijiyar haƙorin ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar sun gama da ita, sun bi saiwa sun sauka cikin ƙashin muƙamuƙi, inda mugunya za ta fara taruwa.

Baki shi ke yanka wuya

Hausawa sun yi wannan karin maganar ne kan furuci, amma a ɗakin tiyata tana da wata ma'ana ta zahiri. Saiwoyin turamen ƙasa suna kusa da ƙasan harshe. Idan mugunya ta huda ƙashi ta nan, sai ta bazu ƙarƙashin haɓa, wuya ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya tashi sama, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya gagari haɗiya, daga baya numfashi ya fara sarƙewa. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo a 1836, kuma da sunansa likitoci ke kiran sa har yau. Yana iya kashe ƙato cikin 'yan kwanaki.

Idan abu ya kai nan, babu sauran zancen kemis. Sai a ɗauki shatar mota cikin dare zuwa Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda da yawa har yau FMC suke kiran sa. Kuɗin kati, kuɗin gado, hoton muƙamuƙi, gwajin jini, ƙarin ruwa, allurai ta jijiya dare da rana, tiyatar tsaga wuya a fitar da mugunya, wani lokaci har da huda maƙogwaro don iska ta shiga. Ga majinyaci, wanda shi ma ya bar nasa aikin. Ga abinci da kuɗin mota na masu zuwa dubiya. In abin ya faɗo lokacin dashe ko lokacin cire albasa, lambun ma ya shiga cikin asarar. A nan ne ake sayar da buhunan da aka ajiye don jiran farashi, a sayar da su a farashin da dillali ya ga dama, domin ya san mai kayan a matse yake. In buhunan ba su isa ba, akuya ta bi, wani lokaci har injin ban-ruwan.

Kada a ɗauka wannan matsalar talakan Afirka ce kaɗai. A 2007, a jihar Maryland ta Amurka, wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu bayan mugunyar haƙori ta hau ƙwaƙwalwarsa. Jaridun ƙasar sun ruwaito cewa cire haƙorin bai wuce dala 80 ba, amma jinyar da aka yi masa kafin ya cika ta kai wajen dala 250,000. Labarin ya girgiza ƙasar har ya kai majalisar dokokinsu.

Yawancin mutane dai ba sa kai wa wannan matakin. Suna isa asibiti ne da kumatu a kumbure, da magana ɗaya a baki: "Likita, cire shi kawai in huta." Likita ya ce, "Baba, wannan ana iya ceto shi, a wanke saiwar a cike." Sai a tambayi kuɗin, a ji ya ninka na cirewa sau da yawa, ga zuwa biyu ko uku. Baba ya girgiza kai. Ba laifinsa ba ne, kuma ba laifin likitan ba ne. Kusan duk abin da ake aikin haƙori da shi, daga allurar kashe zafi zuwa abin ciko, daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 farashinsu ya bi dala. Sai a cire. Da haka asibitin haƙori ya zama, a idon jama'a, wurin da ake zuwa a rabu da haƙori, ba wurin da ake zuwa a tsira da shi ba, wannan kuwa yana ƙara sa a jinkirta zuwa.

Giɓi ba ƙarshen magana ba ne

Mu mutane ne masu kula da kyan baki. Muna yabon wushirya, alhazai na dawowa da haƙorin Makka, matan da kuwa har fure suke shafawa don ado. Amma giɓin da ke can ciki, inda ba a gani, ba ma ɗaukar sa komai. Haƙora 32 ne, in ɗaya ya tafi ai da saura.

Sai dai haƙora jingine suke da juna. Idan turmi ɗaya ya fita, na gefensa su karkato cikin gurbin, na samansa ya zazzago, abinci ya samu sababbin wuraren maƙalewa, ƙashin wurin ya fara janyewa. Mutum ya koma tauna da gefe ɗaya har shi ma ya gaji. Bayan shekaru, abin da baki ke karɓa ya sauya ba tare da an yi shawara da kowa ba. Nama ya fita, ƙuli-ƙuli ya fita, gyaɗa, aya, gasasshiyar masara, karas, ɗanyen kabeji, duk su fita. A koma kunu da koko, burodi a jiƙe cikin shayi, tuwo mai laushi, lemon kwalba. Dattijon da ya ƙare rayuwarsa yana noma wa gari kayan lambu sai ya wayi gari ba ya iya cin abin da ya noma. Irin wannan cimar kuwa ita ce ainihin wadda ake hana mai ciwon sukari, kuma ita ke sa tsoho ramewa da raunin jiki. A Jafan, tun 1989 gwamnati da likitocin haƙori suka ɗauki wani shiri mai suna 8020, ma'ana mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na kansa, domin sun lura da ashirin ɗin nan ana iya tauna kusan kowane abinci.

Mafi yawan haƙoran da manya ke rasawa ma ba kogo kaɗai ke cin su ba, akwai ciwon dasashi. Dattin da ba a goge ba yakan daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙori, dasashi ya kumbura, ya riƙa jini idan an yi aswaki, baki ya yi wari, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye, har haƙori lafiyayye ya fara girgiɗi ya faɗi da kansa. Sai a ce tsufa ne. Tsufa shi kaɗai ba ya zubar da haƙori.

A nan ne alaƙar baki da sauran jiki ta fi ƙarfi a binciken likitoci. Ciwon sukari da ciwon dasashi suna ciyar da juna. Mai sukarin da bai daidaita ba dasashinsa ya fi saurin lalacewa, shi kuma kumburin da ke zaune a dasashi yana sa sukarin ƙin sauka. Wani babban nazari na ƙungiyar Cochrane a 2022, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa wanke gindin haƙora da maganin dasashi na rage awon matsakaicin sukarin jini na wata uku da kimanin maki 0.4. A ido kaɗan ne, amma ga likitan sukari ba ƙaramin abu ba ne, don wani lokaci sai an ƙara ƙwaya guda ake samun irinsa. Nawa ne masu ciwon sukari da ke sayen magani duk wata, ana ta ƙara musu, ba wanda ya taɓa cewa su buɗe baki a gani? Game da zuciya, an daɗe ana ganin ciwon dasashi da ciwon zuciya suna yawan haɗuwa a mutum ɗaya, kuma wanda ƙofofin zuciyarsa suka riga suka samu rauni, ƙwayoyin cutar baki na iya bin jini su sauka a kansu. Mai ciki ma dasashinta kan yi saurin kumbura da jini, kuma duba haƙori ko gyara shi ba ya cutar da cikin, saɓanin abin da ake tsoratar da mata da shi.

Yara

A wajen yara kuskurenmu iri biyu ne, kuma sun saɓa wa juna. Idan jariri ya yi zawo da zazzaɓi, sai a ce haƙori ne, a zauna a gida ana jira ya fito, alhali sau da yawa maleriya ce ko gurɓataccen ruwa. Neman maganin fitar haƙori ya taɓa jawo babban rashi a ƙasar nan: a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara aƙalla 84 suka mutu bayan shan wani ruwan magani mai suna My Pikin da aka samu guba a cikinsa. Amma idan haƙorin yaro ya ruɓe da gaske, sai a ce ƙyale shi, ai na nono ne, zai faɗi.

Ga abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara shida, wani turmi yakan fito a can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Na dindindin ne, ba a sake shi. Da yake ya fito a tsakiyar shekarun alewa da biskit, kuma ana ɗaukar sa na nono, shi ne haƙorin manya da aka fi saurin rasawa.

Sai kuma ciwon da sunansa kan rikita Bahaushe: noma. A Kwadon noma shi ne abinci da sutura, amma a bakin likita kalmar Girkanci ce mai nufin abin da ke ci yana yaɗuwa. Yana kama yara, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida, masu fama da tamowa ko waɗanda ƙyanda ta raunana. Farkonsa ɗan gyambo ne a dasashi da warin baki. Cikin 'yan kwanaki sai ya huda kumatu ya ci nama da ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa rayuwa. A farkonsa, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi. In ya wuce, sai tiyata kan tiyata ta gyaran fuska, shekara da shekaru. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan ciwo tun 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Babu inda tazarar kuɗi tsakanin zuwa da wuri da zuwa a makare ta kai ta wannan ciwo.

Aswaki, makilin da ruwan rijiya

Ba daga sifili muka tashi ba. Aswaki sunna ce da al'ada, kuma wanda ya riƙe shi da kyau, na asalin icen aswaki ne ko na dogon yaro, yana cire datti sosai. Matsalar ita ce da yawa a gaban baki kawai suke yawo da shi, turamen ciki ba sa samun rabonsu, kuma da dare, lokacin da yawu ke raguwa, ba kowa ke tunawa da shi ba. Abin da makilin ya fi aswaki da shi shi ne sinadarin fuloraid mai ƙarfafa ɓawon haƙori. Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba.

Jihar Gombe kuwa tana da nata labarin da wannan sinadari. A kudancin jihar, musamman yankin Kaltungo, duwatsun ƙasa suna zuba shi a ruwan rijiya da burtsatse fiye da miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, shi ya sa ake ganin mutanen da suka tashi a can da haƙora masu ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa. Ba datti ba ne, ba goro ba ne, kuma gogewa da toka ko gawayi ba abin da take yi sai ƙara cinye ɓawon.

Wa ke biya?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da ciwon baki ko haƙori, kuma duniya na kashe wajen dala biliyan 387 a shekara kan maganinsu, ban da wasu biliyan 323 da ake rasawa saboda aikin da bai yiwu ba. Mafi yawan kuɗin maganin a ƙasashe masu arziki ake kashe su. Mu a nan, sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marar lafiya yake fita kai tsaye. Likitocin haƙori 'yan dubbai ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, akasarinsu suna manyan birane, wasu kuma suna haɗa takardun ficewa. Najeriya ta fitar da manufar lafiyar baki tun 2012. An sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, adadin da hauhawar farashi ta riga ta haɗiye. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga, jihar Gombe ma tana da hukumarta, GoHealth, amma manomin da ba ya karɓar albashi shi ne na ƙarshen shiga irin wannan layi.

A ganina, jiran a samu likitan haƙori da kujerarsa mai lantarki a kowane gari jiran gawon shanu ne. Abin da ya fi kusa yana nan a hannu. Jihar na da mazaɓu 114, kuma gwamnati ta ɗauki tsarin gyara asibitin matakin farko guda a kowace mazaɓa. A waɗannan ɗakunan ake awon ciki, ake rigakafi, ake auna yara, ake duba hawan jini da sukari. Ma'aikaciyar da ke ɗiga wa yaro maganin shan-inna bakinsa a buɗe yake a gabanta, ɗaga leɓe a kalli dasashi ba ya cin minti ɗaya. Tun tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro a Tanzaniya wata hanyar ciko da ba ta bukatar wuta ko injin huda: a kankare ruɓar da ƙaramin ƙarfe na hannu, a cike da wani siminti na musamman mai sakin fuloraid. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan simintin, da makilin mai fuloraid, da wani ruwan azurfa da ake shafawa ya tsayar da ruɓa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ruwan azurfar yana baƙanta wurin da ya ruɓe, iyaye za su yi ƙorafi, amma haƙorin yana tsayawa. Ma'aikacin da aka horar zai iya ɗaukar kayan duka a jaka ɗaya, ya hau babur daga Kwadon ya shiga firamare ko makarantar allo, ya duba aji guda kafin azahar, ya fara da turamen 'yan shekara shida.